Guzurin Auta

Unguwar Madabo, wadda ke cikin birnin Kano kusa da Dutsen Dala, matafiya ne suka raya ta. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349–1385) ne Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Wani rubutun kuma, wanda ake kira Asalin Wangarawa, ya kai zuwan nasu har zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya ƙara da cewa da niyyar aikin hajji suka baro gida. Ko ma wanne ne daidai, mutanen birni sun gada a baki cewa Madabo na cikin wuraren da malaman nan suka ya da zango. Daga bisani unguwar ta yi suna wajen karatun fiƙihun Malikiyya, musamman littafin Muhtasar, har ya zamana akwai muƙamin Babban Malami na Madabo, ɗalibai kuma suka riƙa zuwa daga garuruwa masu nisa suna zama a sorayen malamanta.

Ashe ke nan fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne ga mutanen wannan unguwa. Abin da yake sabo shi ne kamannin da neman ya ɗauka a zamanin boko. Almajirin da can yakan fita ranar da ya shirya, ya isa ranar da Allah Ya kai shi, malami kuwa ba ya mayar da shi don ya makara. Shi kuwa mai neman sukolashif, wato tallafin karatu, gasa ya shiga. Ana yanka masa rana da sa'a, ana gaya masa gari da ƙofar da zai tsaya, in bai zo ba a kira na bayansa. Takardar gayyata sunan mutum ɗaya take ɗauke da shi, amma kafin mutumin nan ya isa gaban masu tambaya sai gidansu duka ya motsa. Labarin wani gidan malamai a Madabo ya isa misali.

Saƙon da ya zo da dare

A daminar 2023, autar gidan ta riga ta kammala digirinta na farko a fannin lissafi a Jami'ar Bayero, ta kuma gama bautar ƙasa. Watanni kafin nan ta cika takardar neman tallafin karo ilimi a ƙasar waje ta intanet, har ta fara mantawa da zancen. Ran wata Laraba bayan sallar Isha'i sai ga saƙo a wayarta: an zaɓe ta cikin waɗanda za a yi wa intabiyu, ta bayyana a Abuja ran Talata mai zuwa da ƙarfe 9 na safe, ta zo da ainihin takardunta duka. Saƙon bai ce komai ba game da kuɗin mota, balle masauki.

Auta ba ta nufi mahaifinta kai tsaye ba, don ba haka ake yi ba a gidan. Mahaifiyarta ta fara gaya wa, ita kuma Umma ta jira Malam ya gama cin abinci sa'an nan ta shigar da maganar. Malam ya yi hamdala, ya yi shiru na ɗan lokaci, kana ya ce a gaya wa Yaya ya tsaya bayan sallar Asuba. Yayan nan nasa shi ne wanda yaran gidan ke kira Baffa, tsohon malamin makaranta mai ritaya. Shi ne ɗan da gidan ya bayar ga boko a lokacin da mai unguwa ke bin gidaje yana neman yaran da za a sa elementare, ƙaninsa kuwa aka bar shi ya gaji soro da littattafai. Tun daga wannan lokaci duk abin da ya shafi ofis ko takardar Turanci a hannun Baffa yake, duk abin da ya shafi hukunci kuma a hannun Malam.

Da gari ya waye ran Alhamis aka taru a turakar Malam. Akwai Baffa, akwai Umma, akwai babban wan Auta mai rumfar yadi a Kantin Kwari, ita kuma Auta ta durƙusa daga bakin ƙofa. Kakarsu Hajiya ba ta shigo ba, amma ɗakinta na daura da turakar, kuma ba a yanke komai ba sai da muryarta ta shiga ciki. Tambayoyi huɗu ne a gabansu: wa zai raka ta, ta wace hanya, ina za a sauka, kuma da wane kuɗi.

Wa zai raka ta

Auta ta ce, cikin ladabi, ai akwai wasu 'yan ajinsu mata biyu da ta ji su ma an kira su, za su iya tafiya tare. Malam bai tsawata mata ba. Ya ce ya san malaman Malikiyya sun yi sassauci ga macen da za ta sauke faralin hajji, cewa tana iya bin amintacciyar tawaga idan ba ta da muharrami. Amma wannan sassauci don farali aka yi shi, intabiyu kuwa ba farali ba ce. Tun da Allah Ya hore wa gidan maza, ba ya ganin hujjar da za ta sa 'yarsa ta kwana a wani gari ba tare da ɗayansu ba. Ba hana tafiya yake nufi ba, sharaɗinta yake faɗi.

To amma sharaɗin nan yana da tsada. Kowane abu ya zama biyu ke nan: kujera biyu a mota, abinci na mutum biyu, makwanci biyu. Malam da kansa ba zai iya tashi ba, don yana da masu ɗaukar karatu safe da yamma, ga limancin masallacin lungunsu. Babban wa ya ce shi a shirye yake, sai dai Umma ta tuna wa mutane cewa rufe rumfa kwana huɗu daidai yake da rufe tukunyar gidan, tun da daga rumfar ake yin cefane. Ba ta ambaci sunansa ba, kasancewarsa ɗan fari. Cewa ta yi, "Malam, in yayansu ya tafi, wa zai tsaya a kasuwa?"

Nan ne Baffa ya gyara zama ya ce, "Ni zan kai ta."

Malam ya ce, "Yaya, ga ƙafarka, ga kuma hawan jinin nan. Zaman mota na yini guda ba wasa ba ne."

Baffa ya ce, "Ƙafar nan ta je Ikko ta dawo a kan irin wannan magana. In ba ta kai 'yata Abuja ba, me ya rage mata?"

Daga ɗaki Hajiya ta ce a bar shi ya je, tun da shi ya san bakin mutanen ofis. Haka aka raba aikin: Baffa ya ba da jikinsa, babban wa ya tsaya a kasuwa ya ba da abin da ya samu.

Tafiyar Baffa zuwa Ikko

Maganar Ikko da Baffa ya tayar tana da tushe, kuma ita ce ta zama ma'aunin da aka riƙa gwada kowace shawara da shi a kwanakin nan. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin yana saurayi, an taɓa kiransa intabiyu ta tallafin karatu na ƙasashe rainon Ingila, shirin da aka kafa a 1959. A wancan zamani Ikko ce hedikwatar ƙasa, ba a koma Abuja ba sai a watan Disamba 1991, saboda haka duk wanda ke neman wani abu daga gwamnatin tarayya sai ya dangana da bakin teku.

Jirgin ƙasa ya hau. Dogo ya iso Kano tun 1911, kuma tsakanin Kano da Ikko ya haura kilomita 1,100. Daga Kano sai Zariya, sai Kaduna, sai Minna da Zungeru, a ƙetare kogin Kwara a gadar Jabba, a bi ta Ilori da Badun da Abekuta. Tafiya ce ta kwana a hanya. Mahaifiyarsa, wato Hajiyar nan da ke magana daga ɗaki, ta soya masa kaza ta haɗa masa da dakuwa, ta ɗinke kuɗinsa a cikin lalitar da ya ɗaura a ƙugu. Mahaifinsa kuwa abin da ya ba shi takarda ce 'yar ƙarama da ajami, zuwa ga wani dillalin goro a Agege wanda ya taɓa karanta Iziyya da Risala a soron gidan.

Wannan 'yar takarda ita ce ta yi masa komai. Hausawa sun daɗe da kafa zango a garuruwan kudu saboda cinikin goro da shanu. Unguwar Sabo ta Badun, alal misali, tun 1916 aka keɓe ta. A irin waɗannan wurare akwai al'adar mai gida, wanda ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗinsa, ya haɗa shi da wanda zai nuna masa gari. Don fatake aka yi tsarin, amma ɗan boko ya ci moriyarsa. Mai goron nan ya sumbaci takardar malaminsa, ya ba Baffa ɗaki, ya sa yaronsa ya kai shi har ƙofar ofishin kwana ɗaya kafin ranar, don kada ya ɓata da safe.

Baffa bai sami tallafin ba. Ya dawo Kano ya kama alli, ya koyar har ya yi ritaya. Takardar gayyatar tana nan a adakarsa, ta yi ja don daɗewa. Ba ya yawan zancenta, amma daga tafiyar ya riƙe darasi uku, ya kuma shimfiɗa su a gaban taron: a isa gari kwana biyu kafin ranar, a sauka a hannun wanda ya san gidanku, a je a ga ƙofar wurin da ido tun kafin safiyar da za a shige ta.

Hanya da masauki

Tsakanin Kano da Abuja ya ɗan haura kilomita 400, wato bai kai rabin tafiyar Baffa ba. Duk da haka zaɓen hanya ya fi ba mutanen gidan wuya fiye da yadda ya ba iyayensu, don su iyayen tsawon tafiya kawai suka ji wa tsoro.

Hanya uku ce a gabansu. Ta farko jirgin sama, daga filin jirgi na Malam Aminu Kano, tafiyar kamar sa'a guda. Babban wa ya duba kuɗin kujera biyu zuwa da dawowa a wayarsa, ya faɗa, ba wanda ya sake tayar da zancen. Ta biyu a shiga mota zuwa Kaduna, a hau jirgin ƙasa daga tashar Rigasa zuwa Idu, layin da aka buɗe a 2016. Da jin haka Hajiya ta ce ba da jikarta ba. Ba ta manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tare jirgin suka kashe mutane, suka kuma tafi da wasu daji, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. An gaya mata jirgin ya koma aiki tun Disamban shekarar, ta ce ta ji. Ta uku kuwa mota kai tsaye, ita ma da nata abin fargabar, don sunayen Rijana da Katari sun daɗe suna fitowa a rediyo kan satar mutane, ga shi kuma a lokacin aikin sake gina titin, wanda aka fara a 2018, bai kammala ba tsakanin Kaduna da Abuja.

Abin da ya raba gardama shi ne masauki. Malam ya tuna da wani tsohon ɗalibinsa wanda ya fara daga Ahlari har ya kai Risala a soron gidan, yanzu yana sayar da kayan gini a kasuwar Dei-Dei, iyalinsa kuma na Suleja. Garin Suleja a gefen hanyar mota yake kafin a shiga Abuja, ba sai an ratsa birni da kaya ana neman unguwa ba. Baffa ya ƙara da cewa ai ba ƙasar baƙi za su ba, domin Suleja ita ce Abuja ta asali, wadda sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya. Sai da aka ware sabon babban birni a 1976 ne garin ya bar wa birnin sunan. A wannan karo ba a rubuta takarda da ajami ba, waya Malam ya buga. Mutumin ya ce, "Allah gafarta Malam, ai gidanka ne. Ɗakin uwargida na nan don Auta, Malam Babba kuma ni zan bar masa nawa."

Aka tsayar da mota ke nan, bisa sharaɗi biyu na Hajiya: a fita da sassafe, kuma kada Magariba ta same su a hanya, zuwa ko dawowa. Malam ya ƙara nasa bayanin, cewa tafiyar ta wuce mil 48 da ake yin ƙasaru a kansa, kuma tun da ba su yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, za su ci gaba da ƙasaru har su dawo, sai fa in sun bi liman mazaunin gari.

Kuɗi da takardu

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin mai ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin mota ya bi shi. Da Baffa ya zauna da biro ya lissafa kujera biyu zuwa da dawowa, da zirga-zirgar Suleja zuwa cikin Abuja har kwana biyu, da tsarabar masu masauki, da abin da za a riƙe saboda larura, sai jimlar ta haura fanshonsa na wata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban wa ya kawo cinikin kwana biyu. Umma tana cikin adashin matan lungu, amma kwasarta sai bayan wata biyu. Ta aika wa uwar adashi, wata maƙwabciya da ke kan layi ta yarda suka yi musanya. Hajiya ta sa aka kai akuyarta guda kasuwa, ta hana kowa yi mata musu. Wata gwaggo da ke aure a wata unguwa ta aiko da turmin atamfa, aka kai wa tela ya kwana yana ɗinki. Malam, wanda ba shi da albashi, ya buɗe wani littafi ya ciro 'yan takardun kuɗi da ya daɗe da ajiyewa a tsakanin shafuka, ya miƙa wa yayansa ba tare da ya ƙirga ba.

Takardu su ma sun ci nasu lokacin. Da Baffa ya baza su a tabarma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga abin da ya tsorata shi. A takardar firamare an rubuta sunan Auta da na mahaifinta. A ta jami'a an ƙara Madabo a ƙarshe. Sunan mahaifin kuma an rubuta shi iri biyu da haruffan boko. Wannan tsohuwar matsala ce a ƙasar Hausa, inda ba a gaji sunan dangi irin na Turawa ba, makarantu suka riƙa laƙaba wa yaro sunan garinsu ko unguwarsu. Ta haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Gumi. A cikin birni kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke duba takarda a Abuja bai san kowa ba, abin da ke rubuce kawai ya sani. Dole aka nemi takardar rantsuwa daga kotu, kuma ranar Juma'a da safe kaɗai ta rage, don Asabar da Lahadi ba aiki. Baffa ya ɗauki sandarsa ya tasa Auta gaba tun ƙarfe 8, ba su dawo ba sai da ladan ya yi kiran farko. Takardar shaidar ƙaramar hukumar Dala kuwa Allah Ya sa tana hannu tun lokacin shiga jami'a.

Ran Asabar aka yi guzuri da sallama. Umma ta yi dambun nama, aka sayo gurasa da dabino. Aka ɗaure wa masu masauki alkaki da yaji da turaren wuta, da takalmin fata daga Kasuwar Kurmi don mai gidan. Auta ta zaga gidajen dangi da na maƙwabta, kowace tsohuwa ta sa mata albarka, wasu suka damƙa mata abin da ya sawwaƙa. Da dare ɗaliban Malam suka yi sauka a soro.

Ranar Talata

Lahadi bayan Asuba suka hau adaidaita-sahu zuwa tashar Unguwa Uku. Baffa ya ƙi motar farko don bai gamsu da tayoyinta ba, ya jira ta biyu. Suka bi ta Kura da Kwanar Ɗangora da Zariya, suka tsaya a Kaduna suka yi salla, suka isa Suleja da La'asar sakaliya. Tun daga fitarsu har isarsu wayar Umma ba ta bar hannunta ba. Ran Litinin mai masauki ya bar kasuwarsa ya kai su har ƙofar ginin, suka auna tsawon tafiyar da cunkoson ma'aikata masu shiga birni da safe, suka gane cewa in ba su fita da ƙarfe 6 ba za su makara.

Ran Talata aka tsayar da 'yan rakiya a waje. Baffa ya sami gindin wata bishiya ya shimfiɗa darduma, ya tarar da waɗansu iyaye da yayye daga jihohi dabam-dabam, kowa da ledar takardu da gorar ruwa, suna jiran abin da ba su da iko a kansa. A ciki kuwa ma'aikaci ya riƙa kiran suna daga jeri. Wanda ya amsa ya miƙa takardunsa ya zauna, wanda bai amsa ba a sake kira sau biyu a ja layi.

Cikin sunayen da aka ja wa layi har da na ɗaya daga cikin 'yan ajin Auta, wadda duk ajin sun san ta fi su maki. Marainiya ce, mahaifiyarta ke riƙe da gida da sana'ar ƙosai, ƙannenta maza duk ƙanana ne. Ita ma saƙon ya same ta a daren Larabar nan. Ta nemi kuɗin mota ba su haɗu ba, ba ta kuma san kowa a Abuja da za ta kwana a wurinsa ba. Auta ta ji an kira sunan har sau uku, ta san inda mai sunan take a wannan sa'a, amma ba ta da abin cewa.

Ganawar Auta da masu tambaya ba ta wuce minti 15 ba. Kwana shida na shiri, da akuya, da kwasar adashi, da cinikin rumfa, da ƙafar dattijo, duk don wannan ɗan lokaci aka yi su. Ran Laraba suka kamo hanya, suka shigo Kano rana na shirin faɗuwa. Bayan 'yan watanni sunan Auta ya fito cikin waɗanda suka dace. Baffa ya karɓi wayar ya karanta da kansa, ya sake karantawa, sa'an nan ya tashi ya shiga ɗakinsa ya daɗe bai fito ba.

Abin lura

Ana cewa gasar sukolashif ƙwazo take aunawa, kuma a cikin ɗakin intabiyu haka ne. Amma akwai wata tankaɗe da ake yi kafin a kai ga ɗakin, wadda ba a rubuta ta a cikin sharuɗɗa ba. Ita ce ta kuɗin mota, da ɗan rakiya, da masauki, da wanda ya san yadda ake gyara takarda cikin yini guda. Auta ta tsallake ta don an haife ta a gidan da ya shekara aru-aru yana saukar da baƙi yana koyar da su, har ya zamana yana da mai bin sa da alheri a Agege jiya, a Suleja yau. Ƙawarta ba ta tsallake ba, kuma ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba. Ga 'ya mace abin ya fi nauyi, tun da sau da yawa tafiyarta ta mutum biyu ce. Idan aka bar al'amarin haka, tallafin da aka yi don marasa hali zai riƙa komawa hannun masu ɗan hali, masu bayarwa kuma ba za su sani ba, don su layi kawai suka ja a kan sunan wanda bai zo ba.

Gyaran bai fi ƙarfin masu shirya irin wannan gasa ba. Sanarwar mako uku ta fi ta kwana shida, domin talaka da lokaci yake tara kuɗi. Ana iya rarraba wuraren ganawa shiyya-shiyya, yadda ɗan Kano ko Katsina ko Jigawa zai je ya dawo a yini ɗaya. Tun annobar korona ta 2020 kuma jami'o'in duniya suka saba da ganawa ta bidiyo, kuma jami'o'in ƙasar nan ba su rasa ɗakin kwamfuta da za a zaunar da ɗalibi a tabbatar shi ne ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ke hannun malamai da ɗalibai. Kowane sashe na jami'a yana da tsofaffin ɗalibai a Abuja da Kaduna da Ikko, waɗanda da yawansu ba za su ƙi saukar da ƙaninsu ko ƙanwarsu kwana biyu ba in malaminsu ya yi musu magana. Ƙungiyar ɗalibai da ke iya tara kuɗin walimar yaye ɗalibai tana iya ware wani abu don guzurin wanda aka kira intabiyu. Wannan ba sabon abu ba ne. Shi ne abin da sorayen Madabo suka yi wa almajirai, shi ne kuma abin da masu gida suka yi wa fatake a zango.

Matan lungun su Umma ba su jira kowa ba. Da labarin ƙawar Auta ya iso musu, suka yi shawara a tsakaninsu suka ƙara zubi ɗaya a adashinsu wanda ba na kowa ba ne, suka sa masa suna kuɗin hanya, uwar adashi ke riƙe da shi. Umma ta aika wa mahaifiyar yarinyar cewa in an sake buɗe neman tallafin ta sa 'yarta ta cika, in kira ya zo kuma kada ta yi shiru. Mai masaukin Suleja shi ma an gaya masa, ya ce ɗakin uwargida na nan. Allah Ya saka musu da alheri, Ya kuma buɗa wa kowane mai nema ƙofar da yake nema.